Asitet, Roba da Kunnen Baban Yara

Lahadi, 2 ga Maris

Yau ma ya saka faifan nan. Tun a mota na roƙe shi, na ce Baban yara, a bar shi ya huta, ya ce faifai ba jaki ba ne da zai huta. Allura na sauka sai ga ƙarar nan, shuuu, kamar an zuba albasa a tafasasshen mai. Muryar mawaƙiyar tana can ƙasa tana neman hanyar fitowa. Tsohon direban nan da ba ya fashin rawa ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ya dube ni. Ni ya duba, ba shi ba.

Shi kuwa ido a rufe, yana kaɗa kai, murmushi har kunne. Na miƙa hannu ta bayan akwatin faya-fayai na rage kaifin sautin a miksa, na'urar daidaita sauti, yadda na saba. Bai gani ba.

Wata mai zuwa za mu cika shekara ashirin da biyar muna wannan kiɗan na yammacin Lahadi a zauren unguwa, uku zuwa shida. Shi a kan allura da makirufo, ni a kan akwati ina miƙa masa. Ban taɓa jin kunyar tsayawa kusa da shi ba, yau ma ba kunya na ji ba. Tsoro ne.

Kunnensa yana tafiya. To, ga shi na rubuta.

Litinin, 3 ga Maris

Sabuwar malamar aji huɗu ta ji a ofishin malamai cewa ni matar DJ ce. Ta ce ai yanzu duk a waya ake yi, ko? Sai da na ajiye jan birona. Na yi mata bayanin dab: waƙa ce da mawaƙi ya rera don ku kaɗai, har ya ambaci sunanku a ciki, a yanka muku a faifai ɗaya tak, duk duniya babu mai irinsa. Iri biyu ne. Akwai asitet, farantin ƙarfe da aka shafe da baƙin fenti mai laushi, ga nauyi ga wari, allura na cinsa kaɗan-kaɗan, in ya yi juyi arba'in ko hamsin ya mutu. Akwai na roba, wanda zai iya binne mai shi.

Ta ce to wane mahaukaci ne zai zaɓi mai mutuwa? Na ce mijina.

Muna da sababbin waƙoƙi huɗu da za a yanka mana don ranar cikar shekarun, 6 ga Afrilu. Baba Mai Inji, tsohon da ke yi mana yanka tun farko, yana jira mu ce asitet ko roba.

Laraba, 5 ga Maris

Na tayar da maganar roba yana shan shayi. Na ce bayana ya gaji da ɗaukar ƙarfe. Ya ce daga yau shi zai riƙa ɗaukar akwatin. Na ce warin asitet na sa ni ciwon kai. Ya tashi ya ɗauko ɗaya, ya zare shi daga riga, ya kai hanci ya shaƙa kamar mai zaɓen turare. Wai, "Uwar ɗakina, wannan fa shi ne ƙamshin aurenmu." Na jefe shi da tsumman goge tebur.

Ya ce roba sautinsa a bushe yake, asitet kuwa kamar mawaƙin na zaune a cinyarka. Na ce ni ba na son kowa a cinyata.

Ainihin dalilina ban faɗa ba. Asitet sai da kunne, dole wani ya ji ranar da ya fara mutuwa ya cire shi daga akwati. Roba ba ruwansa da kunnen kowa. In duk faya-fayanmu na roba ne, zai iya ƙara shekara goma babu wanda zai tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

Alhamis, 6 ga Maris

Butar shayi ta tafasa tana ta ƙara a kicin, yana tsaye kusa da ita yana neman cokali.

Asabar, 8 ga Maris

Me ya sa ba zan faɗa masa kawai ba? Auta ta tambaye ni a waya daga wurin aikinta. "Mama, ki kai shi a duba shi mana, ai ba abin kunya ba ne."

Ita ba ta nan lokacin abokinsa na kiɗa, Allah ya jiƙansa, wanda ya kurmance ya ƙi sauka, har yara suka riƙa kwaikwayonsa a bakin zaure. Muna dawowa daga wurin, Baban yara ya ce mini, ranar da kunnena ya fara yi mini ƙarya, ranar zan naɗe wayoyina in bar kiɗa. Kuma na san shi. Mutumin da ya bar taba rana ɗaya don kawai ya ce zai bari. In ya naɗe wayoyin nan me ya rage masa? Gyaran firji daga Litinin zuwa Juma'a, sai kujera. Ina son mutumin nan, ba na son in gan shi a kujera.

Lahadi, 9 ga Maris

Na ɓoye matattun faya-fayai guda biyar a ƙarƙashin zannuwan gado. Ya miƙo hannu a tsakiyar kiɗa ya ce in ba shi na mawaƙiyar, na ce na manta da shi a gida. Ya dube ni. Shekara ashirin da biyar ban taɓa manta faifai ba.

Rawa ta yi kyau dai.

Laraba, 12 ga Maris

Bayan an tashi makaranta na biya shagon Baba Mai Inji ni kaɗai. Hawa biyu, sama da masu ɗinkin labule. Injin yankan na nan yadda na san shi, da ƙaramin madubin da yake leƙa layin faifai da shi, da baƙin zaren da allurar yanka ke fitarwa ya taru a kwalba kamar gashin da aka taje. Har yanzu ba a shiga masa da takalmi.

Ban gama kewaye-kewayena ba ya ce, "'Yata, maganar kunnen mijinki ce ta kawo ki."

Ashe shekara uku ke nan duk yankan da za a yi sai Baban yara ya ce a ƙara kaifi, sautin ya dushe. Baba ya nuna mini wani jan maɓalli a gefen injin. Ya ce wannan ba a haɗa shi da komai ba, tun da ya sayi injin haka yake. Shi yake murɗa masa, mutumina ya ce yauwa, yanzu ya fito. Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma hawayen suka ci gaba su kaɗai. Baba ya yi kamar yana neman wani abu a durowa.

Baba ya ce in faɗa wa Baban yara gaskiya. Na ce a'a, ina da dabara. A yanka waƙa ɗaya a duka biyun, a juya masa baya, a saka masa. In ya kasa bambancewa shi ke nan, gardama ta ƙare, roba ta ci. Baba ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ya ce, "Kin tabbata kina so ki ci wannan gardamar?" Na ce ƙwarai.

Juma'a, 14 ga Maris

Ya yarda da gwajin, har da tafi. Wai ko a cikin barci zai gane asitet. Ya ce in ya ci, ni zan wanke motar wata guda.

Asabar, 15 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Ƙarfe goma na safe muka je. Baba ya ajiye mana kujeru biyu muna fuskantar bango, ya buɗe taga don kada wari ya tona asiri. Ya saka na farko, ya saka na biyu.

Ni na ji. Wallahi na ji, tun kafin a kai amshi. Na farkon tsaf yake, babu laifi ko ɗaya. Na biyun kuwa, na asitet, numfashin da mawaƙin ke ja kafin ya ɗaga murya, har shi na ji, kamar a bayan wuyana. Duk shekarun nan ina ce masa surutu ne kawai irin na masu kiɗa.

Shi ya ce a sake. Aka sake. Ya ce a ƙara murya. Ya karkatar da kai dama, ya karkatar hagu, ya sa hannu a bayan kunne, sannan ya sauke hannun da sauri kamar ya taɓa wuta. Sau huɗu. Ina ganin jijiyar wuyansa.

Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ke kin ji bambanci?" Na ce ni ma ban ji ba, duk ɗaya ne. Ya ce, "Ƙafarki ta motsa a na biyu. Duk sau huɗun."

Ya tashi ya sa takalminsa. A bakin ƙofa ya ce, Baba, a yanka na roba. Ya sauka. Baba ya juya yana mayar da faya-fayan cikin riga, gara ma a ce ya zage ni.

Na ci gardama. Ni da nake koya wa yara tunani, ban yi tunanin cewa gwajin faifai gwajin kunne ba ne.

Lahadi, 16 ga Maris

Ya ce bayansa na ciwo. Na tafi ni kaɗai, karo na farko. Na saka faya-fayan daidai, amma da na ɗauki makirufo sai muryar aji ta fito, saura kaɗan in ce kowa ya zauna. Tsohon direba ya zo ya ce, "Hajiya, ina Allura?" Haka suke kiransa. Na ce baya ne. Ya ce Allah ya ba shi lafiya, a gaya masa ƙafafunmu na jiransa.

Na dawo na tarar ya wanke motar.

Talata, 18 ga Maris

Ba ya fushi. Da fushi ne da sauƙi. Yana gaishe ni, yana cin abinci, yana cewa an gode. Rediyon kicin da yake ƙure wa murya har maƙwabta su san labarai, kwana uku a kashe.

Alhamis, 20 ga Maris

Na dawo daga makaranta na same shi a ɗakin kayan kiɗa yana naɗe wayoyi. Ɗaya bayan ɗaya, a gwiwar hannu, yana ɗaure kowacce da ƙyalle. Na ce me ake yi? Ya ce gyara ne kawai, ƙura ta yi yawa.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo. Sai daga baya na tuna ba sai na buɗe ba, ba zai ji ni ba.

Asabar, 22 ga Maris

Da safe na ɗaga zannuwan gado na kwaso biyar ɗin, na dire masa a tebur kusa da kofinsa. Na faɗa masa duka. Miksar da nake ragewa ta bayan akwati, ƙaryar mantuwa, ciwon bayan da ba ni da shi. Na tsaya a gabansa sosai don ya ga bakina. Na ce tsoro nake ji ka daina, shi ya sa. Na ce in ka naɗe wayoyin nan ni ma ka naɗe ni, don ban san me ake yi da yammacin Lahadi ba.

Ya yi ta juya kofin har shayin ya huce. Sannan na faɗa masa na jan maɓallin Baba.

Ya ce, "Wane jan maɓalli? Wanda nake cewa yauwa?" Na ce shi. Ya haɗe rai, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har da buga tebur. "Shekara uku! Tsohon banza! Har gode masa nake yi!" Ni ma na kama. Muka yi ta yi kamar yara, ban san a ina dariyar ta koma wani abu ba.

Ya ce ya daɗe da sanin wani abu na faruwa. Kullum ya juyo sai ya ga maɓallin miksa ba inda ya bar shi ba, yana cewa a ransa matar nan kunnenta ya cika tsoro. Ya ce abin da ya fi yi masa ciwo ba kunnen ba ne, a ce zaure guda ya sani, shi kaɗai ne baƙo.

Sai ya ture kofin ya ce, "To uwar ɗakina, nawa ne suka mutu? Kada ki ji tausayina."

Muka kwance wayoyi biyu. Ya jawo akwatunan duka, faifai sittin da ɗaya. Yana sakawa, tafin hannunsa ɗaya a jikin lasifika, idonsa a kaina. Ni kuma in ce da rai, ko ya kusa, ko ya mutu. Kowanne da labarinsa, kuma sai ya ba da shi, ko da ina wurin aka yi. Wannan ranar da aka ɗauke wuta muka ƙarasa da tafi. Wannan ina da cikin Auta, wai har ta yi rawa a ciki. Abincin rana sai ƙarfe huɗu.

Na mawaƙiyar ya bari ƙarshe. Ita ce ta fara kiran sunanmu a faifai, mu biyu, lokacin ko lasifikar kirki ba mu da ita. Ya saka. Na so in ce ya kusa. Na ce ya mutu, Baban yara, ya daɗe da mutuwa. Ya gyaɗa kai, ya bar shi ya kai ƙarshe duk da haka, sannan ya goge shi da gefen rigarsa ya mayar.

Sha tara suka mutu.

Lahadi, 23 ga Maris

Ya je. Kafin ya saka komai ya ɗauki makirufo ya ce, "Jama'a, kunnen Allura ya tsufa. Daga yau in kun ji ana suya, ga mai kicin ɗin nan, ku yi mata magana." Zaure ya ɗauki dariya da tafi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya jawo miksar ya ajiye ta a gabana, a fili.

Alƙawarin naɗe wayoyi fa? Na tambaye shi a mota. Ya ce ai cewa ya yi in kunnensa ya yi masa ƙarya, kuma na hagu da na dama ne suka yi, na ukun kuwa, wato ni, ya tuba. Na ce ya kalli hanya.

Laraba, 26 ga Maris

Auta ta samo mana layin ganin likitan kunne. Sun sa shi a wani ɗan ɗaki kamar akwati, da maɓalli a hannu, ya danna in ya ji ƙara. Ta gilashi nake kallonsa, ana ta sakar masa yana zaune yana jira. Likitar ta ce sautukan ƙasa suna nan, na sama sun tafi kuma ba za su dawo ba. Za a ba shi na'urar sawa. Ya ce mata shekara sittin bai taɓa sa ɗan kunne ba, a zaɓo masa mai kyau.

A hanya bai yi barkwanci ba. Ya riƙe hannuna a kan giyar mota har gida.

Asabar, 29 ga Maris

Mun sake zama da akwati, waɗanda na ce sun kusa. Biyu sun ƙara tafiya. Ya soya mana ƙwai, ya ƙona, wai bai ji lokacin da ya fara ƙara ba. Yanzu komai kunne ne, har wankin da bai kwashe ba.

Rabon da ya dube ni awa uku a jere, ina jin tun kafin a haifi yara.

Litinin, 31 ga Maris

Baba ya aiko, gobe zai yanka huɗun, a tabbatar masa. Baban yara ya ce in biya in ce roba, maganarsa na nan. Wai ya yi tunani, da gaskiyata tun farko. Roba ba ya mutuwa, ba sai ya riƙa cinye mini Asabar da sauraro ba, in huta. A hankali tsofaffin ma a mayar da su roba, shi ke nan ba ya buƙatar damun kowa.

Na ce to.

Abin da nake so ke nan tun farkon wata. Ban san me ya hana ni cin abincin rana ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Na biya wurin Baba. Ya riga ya fito da fararen roba huɗu ya jera. Na ce ya mayar, asitet za a yanka. Ya dube ni ta saman tabarau, na ce saboda sauti ne, Baba, kai ma ka san ya fi. Ya ce ai bai tambaye ni ba.

Na ɗauko su da kaina, nauyi kamar me, duk mota ta ɗauki wari. Baban yara na buɗe ƙofa ya ɗaga hanci, ya dubi kwalin, ya dube ni. Na ce sauti ne. Ya ce, "Za su mutu fa." Na ce na sani, ka matsa in wuce.

Juyi arba'in kowanne, in an lallaɓa hamsin. Dole dai wani ya riƙa zama yana saurara. Ni kuma Asabar ba wani abin kirki nake yi da ita ba.